Bututun da Sani Ya Sayo a Tashliya

Injin niƙana na sayar na yi kuɗin jirgi, injin da na yi shekaru ina kwancewa ina ɗaurawa da hannuna a Funtuwa. Ku riƙe wannan, zai dawo a labarin. Kai Abba, ajiye wayar nan, ai kai ne mai cewa Saudiyya za ka tafi tuƙi.

A Riyad wurin Sani na sauka, ɗan ƙanena, a unguwar Al-Ud, bayan katangar maƙabarta. Tuwo nake yi wa direbobinmu da leburori. Mai gidan, wani tsoho mai jan gemu, kullum sai ya buga ƙofa: "Ya Hajja, riha, riha!" Wai warin daddawa. Na ce, "Baba, maƙwabtanka na bayan katanga ba su taɓa kawo ƙara ba." Ba ya jin Hausa, ni ba na jin nasa, muka zauna lafiya.

Sani tsohuwar a-kori-kura yake ja, mai shan dizal, ta kafilinsa, wato Balaraben da ya tsaya masa a takardar zama. Da ita muke kai abinci Sina'iyya, unguwar masana'antu. Motar ba ƙarfi, sai shi da wani makanike ɗan Pakistan suka ɗaura mata tarbo. Fanka ce mai cusa wa inji iska. Iskar tana zafi, dole ta bi ta wani abu kamar lagireto ta huce, intakula. Ni Inna Kulu nake ce masa, direbobi su yi ta dariya. Saura bututun da zai haɗa su.

Makanike ya kawo na alminiyam, sabo, faɗinsa daidai da bakin injin, ba nauyi, ba ya riƙe zafi. Sani ya ce tsada. Ya ɗauko na roba irin na banɗaki, makanike ya ce, "Sadik," wato aboki, "wannan kafin azahar ya zama taliya." Sai Sani ya nufi tashliya, inda ake tara motocin da suka yi haɗari ana sayar da sassansu. Na bi shi. Ban taɓa ganin wuri mai shiru irin nan ba. Mota kan mota, wata har da takalmi wari ɗaya a kujera.

A rumfar wani Basudane dogo muka ga bututu rataye a ƙusa shi kaɗai. Farin ƙarfe, sai ƙyalli, da lanƙwasa kamar gwiwa. Hannuna ya shige ciki har wuyan hannu.

"Gwaggo, dubi faɗi! Iska za ta wuce a guje."

"Maƙogwaron bijimi a wuyan akuya? Kwanciya za ta yi a ciki."

Ya share ni, ya tambayi kuɗin. Basudanen ko ɗagowa bai yi ba. "Ɗauka. Abin da ka bayar." Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san ba a ciniki haka.

Aka ɗaura. Mota ta koma nauyin tashi, sai ka taka ka jira ta yi shawara. Daga baya ta soma wani sauti. Ni fa na zauna a kan masu barin duniya da yawa, har da kakanku, na san gargara in na ji ta.

"Sani, motar nan gargara take."

"Haba Gwaggo, iska ce."

"Iska ce mana. Wancan ma ai iska ce."

Ran nan muka dawo da tsakar rana, lokacin da garin yake komawa kamar an kwashe mutanensa, ko mage ba ka gani. Sani ya tsaya gindin katangar maƙabarta, ya murɗa makulli, ya zare. Injin bai mutu ba. Ya buɗe tafinsa ya nuna mini makullin. Kukan injin ya ƙaru, ya koma ihu, farin hayaƙi ya lulluɓe katangar har ba na ganinta. Sani ya ɗaga murfin injin ya tsaya, fuskarsa a kai, kamar wanda ake kira daga ciki. Na kira shi, bai juyo ba.

Injin niƙana ya taɓa yi mini haka. In na dizal ya samu baƙin mai ta hanyar iska, ba ruwansa da makulli, kansa yake sha har ya tarwatse da wanda ke kusa. Na hankaɗe Sani ya faɗi. Na fizge robar da ke bakin tarbon, na kifa murfin tukunyar da muka kai abinci a wurin. Wallahi ba ni na manna shi ba, karɓe shi aka yi daga hannuna. Injin ya shaƙe, ya yi shiru. Muna tsaye, bututun ya saki wani dogon numfashi, sannan ya bari.

Makanike ya ce tarbon ne ke yoyon mai, bututun ya yi faɗi, iskar ba ta da saurin kwashe shi, ya taru a gwiwar. Na yarda, na ga man da idona. Ya sa na alminiyam ɗin da Sani ya raina, mota ta yi lafiya.

Amma ni na tilasta muka mayar da wancan bututun tashliya. Ƙusar tana nan, ba a rataya mata komai ba. Basudanen ya karɓa bai tambayi dalili ba, ya goge shi da hannun riga, ya rataye.

Na ce Sani ya tambaye shi wanda ya saya kafin mu. Ya nuna wata ƙonanniyar a-kori-kura da haɓa.

"Ku kun kawo shi da ƙafarku. Shi a jikin motar ya dawo."

Na dawo gida ba haƙorin Makka, ba sarƙa, injin niƙa ma ban sake mallaka ba. Sani dai yana raye, 'ya'yansa sun girma. Murfin kuwa ga shi can kan tukunyar miyar da kuka ci yanzu, da zoben da bakin tarbon ya bari a tsakiyarsa. Abba, je ka ɗauko ka gani.

To, me kuma ka tsaya yi?