Dodon Bangon Littafi

A tashar Ɗambatta muna jiran mota ta cika, sai wani dattijo ya leƙa tsohon littafin da ke hannun wata ɗaliba.

"'Yata, wannan dodon na bango fa? Littafin tsafi ne?"

"A'a Baba, na wasa ne. Ana zama a jefa ƙwayar ludo, kowa ya zama jarumi a cikin labarin. A gwanjo na tsince shi, zanen bangon ne ya ja ni."

"Bai yi kyau ba, wutar bakinsa ta yi yawa. Akwai wani mai shuɗin bango, mutum ɗaya riƙe da fitila a bakin kogo, ba a ganin komai na dodon sai idanu. Wancan shi ne zane."

"Ashe Baba ka san su! A ina ka gani?"

Dattijon ya sake kallon bangon littafin.

"A hannun ɗana Uwaisu. Kullum yana kwaikwayonsa da gawayi a jikin rumbu. Da na ga ƙwayoyin ludon sai na ce caca ce, na jefa littafin a murhu. Amma sai da na daɗe ina kallon bangon kafin in jefa."

"Subhanallahi. Yana ina yanzu?"

"Legas. Da zane yake ciyar da iyalinsa. Yana aiko min da shinkafa, yana aiko da shadda. Shekara goma sha biyar ke nan, bai taɓa nuna min zanensa ko ɗaya ba."

"Ka taɓa cewa ya nuna maka?"

"Da wane bakin, 'yata?"