Layin da Babana Ya Kira "Ba Nawa Ba"

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, shugabar ƙungiyar ƙananan 'yan kasuwa, malaman da suka yi mako biyu suna sasanta ku da kwamfuta, iyayena maza da mata, teloli da masu walda, masu shagon magani da masu gyaran waya, har da waɗanda suka zo don sun ji za a raba takardar shaida: ina gaishe ku duka, kowa da girmansa.

Ina godiya da wannan gayyata. Na ga an rubuta cewa ni ƙwararriyar akanta ce. Ban musa ba, tunda ba kullum ake samun mai faɗa ba.

An ce in yi magana a kan tsarin asusu, wato jerin sunayen da mutum zai fara kafa wa manhaja kafin ya shigar da ko sisi. Manhaja gida ce mai ɗaki biyar: abin da ka mallaka, abin da ake binka, jarinka, abin da ya shigo, da abin da ya fita. Aikinka shi ne ka yanka wa kowane ɗaki lungu daidai da sana'arka. Magana uku gare ni a kan haka, kuma duka ukun a shagon mahaifina na koye su, ba a jami'a ba.

Ta farko: kada ka karɓi jerin da manhaja ta zo da shi yadda yake. Za ka tarar da asusun tikitin jirgi, da asusun liyafar ma'aikata, alhali kai ne ma'aikacin, kai ne manajan, kai ne mai shara. Goge su. Babana gyaran keken ɗinki yake yi, a wani siririn shago a ƙarƙashin matakalar bene. Har yau in na ji warin man keke, can nake komawa: allurai a gwangwanin madara, kawunan kekuna jere a kanta, da koren littafinsa da yake ja wa layi da rula da jan biro duk ranar Asabar. Layi shida ne kacal, ya kuma raɗa wa kowanne suna da bakinsa. Akwai Aikin hannu, akwai Kayan gyara, akwai Haya da wuta. Akwai na bashin da ya fid da rai da shi, wanda ya sa wa suna Sai a Lahira. Shekara talatin littafin nan bai taɓa ɓatar da shi ba.

Ta biyu: raba aljihunka da aljihun shago. Layi na biyar a littafin Baba shi ne Gida. Ko kuɗin sabulu ya zara daga durowa, sai ya rubuta. Mahaifiyarmu takan ce, "Ni a wurin ubanku layi ce, tsakanin haya da man keke." Shi kuma ya ce, "Ai ki gode Allah, layinki ya fi kowanne cika." Ku buɗe wa kanku irin wannan asusu a ɗakin jari. Ku kuma ji tsoron asusun nan da ake kira Sauran abubuwa, domin kwandon shara ne, duk abin da aka ji kunyar rubutawa can yake ƙarewa.

Ta uku ita ce ta kawo ni, don haka ku ba ni aron kunnuwanku.

Layi na shida sunansa Ba nawa ba. A nan Baba yake rubuta kafin alƙalamin da teloli ke bayarwa don a yi musu odar inji ko kan keke, kayan da kan yi wata biyu kafin su iso. Shekarar da na gama jami'a na dawo da digiri da kwamfuta, da kuma tausayin duk wanda ba shi da su. Cikin mako guda na kwashe koren littafin na zuba a manhaja. Da na iso layi na shida na ce, kuɗi dai yana cikin durowa, ashe ya shigo ke nan. Na tura shi ɗakin kuɗin shiga.

Wata uku, manhaja ta nuna ribar da shagon bai taɓa gani ba, har da zane mai launi yana hawa sama. Baba ya sauke tabarau ya duba, ya ce, "Akanta, ribar nan ta wace ƙofa ta shigo ban gan ta ba?"

Na ce, "Baba, kwamfuta ba ta ƙarya."

Gaskiya na faɗa. Ba ta yin tata, wadda aka faɗa mata take maimaitawa.

Na matsa masa har muka biya hayar shekara, muka sa kantar gilas da sabon allo. Sai dila ya aiko cewa kaya sun iso, a kawo kuɗi. Ranar kuma wata tela mai ɗinka kayan makaranta ta shigo, saura kwana goma a koma aji, ta ce, "Malam, ina injina? Riga ɗari biyu na karɓa." Baba ya ja durowa, ya duba, ya mayar. Ya ce mata, "Jibi."

Kayan aro ba ya rufe katara. Washegari ya saɓa baƙin keken ɗinkinsa, wanda maigidansa ya ba shi ranar da ya yaye shi, ya fita da shi, ya sayar, ya biya dila. Jibi matar ta karɓi injinta, ba ta taɓa sanin me ya faru ba. Ni kuwa, da Baba ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya dai ciro koren littafi ya ɗauki rula. Shekara goma sha ɗaya ina duba asusun manyan kamfanoni, amma ban isa in taɓa na shagon ƙarƙashin bene ba.

Bara idonsa ya yi rauni. Hannu na nan da gwanintarsa, amma rubutu ya fara hawa layin da ba nasa ba. Sai ya daina karɓar kafin alƙalami, ya ce kuɗin da ba zai iya rubutawa ba, ba zai riƙe ba. Ba oda, ba aiki. Shago ya kama hanyar rufewa.

Na je na zauna a kan benci na sake kafa tsarin daga tushe, ina karanta masa kowane suna da ƙarfi. A ɗakin abin da ake binka na buɗe asusu, na sa masa sunan da shi ya raɗa. Na shigar da mutum bakwai da kayansu ba su iso ba tukuna.

Ya ce, "Karanto jimla."

Na karanto. Ya shiga lanƙwasa yatsu yana lissafi.

"Kin rage dubu biyar."

Na bi littafin sau biyu ban gani ba. Sai ya ce, "Ba za ki gani ba. Na mai ɗinkin labule ne, jiya ya tilasta mini na karɓa, na kasa gane layin. Rubuta."

Na rubuta. Ya laluba aljihu, ya turo mini makullin durowa a kan gilas, ya ce, "Ƙarfe takwas muke buɗewa, Akanta. Nan ba ofis ba ne."

Saboda haka, 'yan'uwa, duk wanda ke karɓar kuɗin mutane kafin ya yi musu aiki, ya buɗe wannan asusu tun ranar farko, ya sa shi a ɗakin bashi, ya kuma kira shi da sunan da zai hana hannunsa ƙaiƙayi.

Allah ya sa albarka a sana'o'inku. Allah ya ba ku riba ta gaskiya, ya tsare ku da wadda ba ku ga shigowarta ba. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Shugaba, jama'a, na gode.