Malam Abdulmumin, Mai Tambaya a Wajen Rakiya

Zuhra ta yi tafiya. Yau da safe, da ƙafafunta, daga bakin ɗakin uwarta har gindin randa, ba wanda ya riƙe ta. Na miƙa hannu zan tare ta, ta ce, "Tsoho, matsa ka ba ni hanya." Na matsa.

Ku gafarce ni. Na san ba haka ake buɗe magana a irin wannan taro ba. Tun daga ƙauyenmu Gafasa nake danne labarin a bayan babur, ya ƙi dannuwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe wakilin Hakimi. Dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Liman da sauran malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin sashen lafiya na Gaya da Ajingi, barkanku da zuwa. Baƙinmu da suka ƙetaro iyaka daga Nijar, musamman Malam Hamma, abokin aikin marigayi, sannunku da hanya. Inna Hanne, mahaifiyarsa. Malama Hajara, mai ɗakinsa. Kamalu da Afra'u, 'ya'yansa: ya ƙarin haƙuri?

Sunana Ɗantani, manomi ne. Zuhra jikata ce, 'yar ɗana Yusuf. Da furfura na shiga ajin yamma na koyi boko, saboda haka idan na yi tuntuɓe a karatun nan ku yi mini uzuri.

Da yawanmu mun san Malam Abdulmumin a ƙofar gida da jakarsa, amma ba kowa ya san abin da yake nema ba. An ɗauke shi ne cikin wani aikin bincike na auna yadda mutane ke jin jikinsu da rayuwarsu, a nan, da Nijar, da Kamaru, a gwada a ga inda wahala ta fi yawa da irinta. Ba ya allura, ba ya raba magani. Tambayoyi ne kawai. Kana iya tafiya? Kana wanka da sa tufafi da kanka? Kana aikinka na kullum? Akwai ciwo? Akwai damuwa? Daga nan ya ce ka ɗauka sifili shi ne mafi munin hali, ɗari cikakkiyar lafiya, yau kai kana ina? Dagaci ne ya haɗa ni da shi in riƙa nuna masa gidaje.

Zagayen farko, kowa ɗari. Mun shiga rugar Bappa, dattijon da tun farkon damina bai taka masallaci ba. Yana kwance a tabarma, ƙafa ta kumbura. Malam ya tambaye shi, ya ce ɗari, alhamdu lillahi. Malam ya ce, Bappa, ai a kwance na same ka. Ya ce wanda ya kwantar da shi bai hana shi shan fura ba.

Da suka haɗu da takwarorinsa domin su gwada abin da kowa ya samo, Malam Hamma, ga shi nan zaune, ya yi ta yi masa tsiya irin ta Badamagare da Bakano. Ya ce mutanen Kano ko a makara aka tambaye su cewa za su yi da sauƙi. Aka buɗe nasa, sai ga mutanen Damagaram su ma ɗari-ɗari. An yi dariya. Malam Abdulmumin ya dawo ya ba ni labarin yana dariya shi ma, amma abin ya dame shi. Ya ce idan aka kai wannan gaba, masu raba asibiti da magani za su ce mutanen nan ba sa bukatar komai.

Ya kasance bai taɓa cewa wannan ƙarya ce ba. Ya san tarbiyya ce. An koya mana ba a shimfiɗa wa baƙo tabarma a shimfiɗa masa kuka a kai, kuma ba a kai ƙarar Ubangiji wurin bawa. Abin da ya lura da shi, wanda mu da muke yi kullum ba mu lura ba, shi ne rakiya. Idan baƙo ya tashi, mai gida ya taka masa, an bar tabarma, an bar idon yara, ana tafe kafaɗa da kafaɗa ba a kallon juna, a nan ne mutum yake cewa, "Wallahi Malam, bayan nan nawa ba ya barina barci." Sai Malam ya riƙa gaisawa a ciki, ya sha ruwa, ya yi sallama, ya jira a raka shi, sannan ya yi tambayarsa. Wani lokaci ma ba sai ya tambaya ba. Wanda ya ce yana tafiya lafiya lau, rakiyarsa ta tsaya a bakin zaure yana dafa bango, ya riga ya amsa.

Ya kasance mai adalci har a cikin awo. Da amsoshi suka fara canzawa, ya ƙi yarda a yi hakan a nan kaɗai. Ya ce idan aka tambayi mutanen Ajingi a wajen rakiya, aka tambayi na Nijar a kan tabarma, za mu fito kamar mun fi su ciwo, alhali mudu biyu aka auna da su. Ya yi ta kai da kawo har shugabannin aikin suka yarda a bi hanya ɗaya a duk ƙasashen, mata ma'aikata su ma su jira matan gida su taka musu zuwa ƙofa. Wannan ne ya sa ya daɗe a Nijar, yana bin Malam Hamma ƙauye-ƙauye. Mu muna ganinsa ɗan Gaya ne, can kuma suna cewa nasu ne.

Ya kasance idan ya ji amsa ba ya iya rubuta ta ya wuce. Ni kaina an tambaye ni, na ce ɗari, damuwa kuwa babu. Na raka shi har gindin tsamiyar bakin hanya. A can na gaya masa ina da jika da aka haifa ƙafafunta a murɗe, tsararrakinta suna gudu ita tana rarrafe, kuma duk ranar da na kalle ta sai in lissafa shekaruna in ga ba zan kai lokacin da za ta fi bukatata ba. Ya jingine babur ɗinsa, muka koma ciki. Ya tsuguna ya riƙe ƙafafun nan a tafin hannunsa. Zuhra ta ce masa ya sake mata, mijinta na kallo, ni ke nan. Ya ce mijin nan ya tsufa, ta bari a gyara ƙafa ta gudo masa.

Wannan ba ya cikin aikinsa. Amma shi ya gaya mana ana gyarawa. Shi ya lallashi Yusuf da uwar yarinyar da suke tsoron wuƙa. Shi ya kai mu asibitin ƙashi a Kano. Aka yi ta ɗauri ana kwancewa, aka yi aiki, aka sa takalmin ƙarfe. Ko yana Damagaram sai ya bugo waya ya ce yaya amaryarsa. Bai ga ta tsaya ba.

Malama Hajara, da ke nake yanzu. Ranar da matata Adama ta je miki gaisuwa, kin gaya mata maganar da ta dawo da ita tana kuka. Kin ce Malam ya ƙarar da ƙarfinsa yana tambayar mutanen ƙasa uku lafiyarsu, zazzaɓi ya kama shi a hanya ya kawo miki shi kwance, kuma har yau ba ki ga abin da tambayoyin suka haifar ba sai kujerarsa da ba kowa. Ba wanda zai ga laifinki. Lokacin da ya ba mu, a cikin naki ya ɗiba. Sallolin da ya yi a wani gari, ke kika yi su ke kaɗai da yara.

Akwai abin da nake riƙe da shi na jira ki fita takaba. Zuwansa na ƙarshe Gafasa, na raka shi. A gida na tambaye shi gajiya, ya ce babu gajiya. Sai da muka kai bakin hanya, ya hau babur bai tayar ba, ya ce, "Baba, daga wannan zagayen zan ajiye. Ina so in ci tuwon dare a gidana. Ina so Afra'u ta gama makaranta ina gari. Hajara ta yi haƙuri da yawa." Kin san mutumin, kin kuma san a ina ya faɗa. Gida yake nufa.

Kamalu, kai ne babba yanzu. Idan mahaifiyarka ta ce maka lafiya lau, kada ka tsaya a nan. Inna Hanne, kin haifi ɗan da muke kewa daga nan har inda ake kashe sefa. Har yanzu idan na ji babur ya rage gudu a wajen tsamiyar nan sai na ɗaga kai.

Ban san abin da manya za su yi da sakamakon aikinsa ba. Malam Hamma ya ce an gama haɗawa, kuma wannan karon Bappa da irinsa suna ciki yadda suke. Abin da ni na sani shi ne wanda na gani da idona yau da safe.

Muna godiya ga waɗanda suka shirya wannan taro, da duk wanda ya bar gonarsa ko aikinsa ya zo. Allah ya jiƙan Malam Abdulmumin, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata kabarinsa. Yadda ya tsaya ya saurari bayinka a bakin hanya, ya Allah, ka karɓe shi da rahama. Ka raya abin da ya bari, ka sanyaya zuciyar mahaifiyarsa da iyalinsa. Namu idan ya zo, ka sa mu cika da imani.

Yanzu kuma ina roƙo. Gafasa ba nisa. Motar Bala direba tana ƙofa, akwai a-daidaita-sahu, masu babura su ɗauki na baya. Malama Hajara, ke ce gaba, an bar miki kujerar kusa da direba, ke da Inna. Zuhra tana faɗuwa, ba ta kai zaure ba tukuna, kuma idan ta ga taro wataƙila ta yi kunya. Ku yi haƙuri ku zauna, za ta tashi. Ku zo ku gani.