Ku taya ni roƙon 'yar farina

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni tsohon maɗinki ne daga Ƙofar Durbi. Ban yi boko ba, maƙwabcina ke rubuta mani, na ce kar ya gyara komai.

Ciwon dajin mama ne ya kashe matata bara. Likita ta ce lallai 'ya'yanta mata su riƙa duba jikinsu duk wata. To, 'yar farina tana jami'a. Ni da ko sunanta ba na faɗa, ta yaya zan yi mata maganar mama? Sai na aiki gwaggonta.

Ga amsar da yarinyar ta bayar: "Gwaggo, an koya mana, na iya. Amma ɗakinmu cike yake, ina zan tuɓe? In na taɓa na ji ƙullutu fa? Na ga yadda Inna ta ƙare. Gara ban sani ba."

Yanzu wannan shi ne karatun? Gwaggon ma cewa ta yi in bar wa Allah. Haka mutane suka yi ta ce mani kan uwar yarinyar har muka kai ta makwanci. Ku ma 'yan rediyo, kullum waƙa da siyasa.

Malam, dabara ta ƙare mani. Yarinyar tana jin shirin nan, don haka ke 'yar marigayiya, ki saurare ni: ba ni da ƙarfin sake bin makara. Ki duba. In kin ji wani abu, ni zan raka ki asibiti. Masu sauraro, ku taya ni roƙonta, don Allah.