Maraicin da Aka Buga a Shafi na Uku

Mai girma shugaban taro, manyan baƙi da kuka cika kujerun gaba, 'yan jarida masu haska mu, 'yan'uwana teloli da aka jera a can baya, jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni lasifika a matsayin kawun ɗan majalisarmu, wanda ku kuke kira Honarabul, mu kuma a gida muke kira Auta. An ce in faɗi alherinsa a wannan biki na ƙaddamar da littafin tarihin rayuwarsa. Zan faɗa, amma da gyara, domin ni tela ne, ban iya ganin karkataccen ɗinki in wuce ba.

Na farko, shafi na uku ya ce Honarabul ya tashi maraya, ba uwa ba uba, shi ya raini kansa. Uba kam ya rasu, Allah ya jiƙansa. Amma uwar, yayata ce ciki ɗaya, kuma yanzu haka tana tsaye a bakin ƙofar zauren nan cikin rana, masu gadi sun hana ta shiga saboda ba ta da katin gayyata. Ban ga laifinsu ba. Wa zai buga wa mamaciya kati?

Na biyu, littafin ya ce ya fara aiki a matsayin ƙwararre a harkar tufafi. Ƙwararre! Shekara biyu ya yi a shagona, maɓalli bai taɓa zama daidai a hannunsa ba. Ranar da na ba shi almakashi, sai ya yanka wa rigar ango hannun dama guda biyu. Na ce, "Auta, mene ne wannan?" Ya ce, "Kawu, ai ba wanda zai lura." Tun ranar na san siyasa za ta karɓe shi.

Daga shagona ya koma liƙa fastoci a bango, daga fastoci ya koma riƙe wa kansila jaka, daga jaka ya kama lasifika, har Allah ya kai shi majalisar ƙasa bai cika talatin da biyar ba. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma wallahi mun yi murna. Amma ku da kuka gan shi fes a lokacin kamfe, kuna cewa yaron nan akwai tsafta, ku sani farar rigarsa ɗaya ce tak. Ɗaya! Uwarsa, mai wankau, ita ke wanke ta kullum bayan ta gama kayan mutane, ta shanya, ta goge, ta miƙa masa da safe. Wata huɗu tana haka, har sabulu ya tsattsage mata yatsu. Marubucin ya sami shafi guda na yabon takalmansa, bai sami layi ɗaya na hannuwan nan ba.

Ɗazu da zan shigo ta riƙe mini hannun riga, ta ce, "Don Allah kada ka kunyata shi. In maraicin ne ke kawo masa ƙuri'a, a bar ni a mace." Yaya, ki yafe mini. Tunda nake ban taɓa saɓa miki ba sai yau, kuma raina a ɓace yake.

Auta, ɗago kanka ka dube ni, bar latsa waya. Tsakaninka da ƙofar nan taku ashirin ne. Ko ka taka da ƙafarka ka shigo da ita gaban jama'ar nan, ko ni in ɗauki kujerar da aka ba ni in kai mata waje, mu zauna tare, 'yan jarida su ɗauki hoton tela da gawa.

Allah ya albarkaci wannan taro, ya mai da kowa gidansa lafiya. Allah ya ba shugabanninmu kunya, ko kaɗan ce. Allah ya ja kwanan matar da aka binne a takarda tana numfashi.

Ina jira, Auta.

Na gode.