An kulle bidiyon lakwal, na kasuwa yana buɗe

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, barka da aiki. Ni ne Mushe Isaka, malamin kimiyya a wani kolej cikin yankin Keita.

Bara wasu masu taimako suka ba mu tele da bidiyo da kaset guda, mai nuna ƙwayoyin cuta cikin ruwan tabki. Yara suka ga ruwan da suke sha cike da abubuwa masu motsi. Wata ɗaliba, Rabi, da ta koma gida har ta hana uwarta shan ruwan da ba a tace ba.

Lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, ba wuta, don haka kayan suna zama gidan wani ɗan kasuwa mai injin wuta, sai ranar darasi mu ɗauko duka har da injin. Ashe ƙanensa da ya dawo daga cirani ya naɗi fim ɗin batsa bisa kaset ɗinmu. Wata rana na sake kunnawa cikin aji, ana tsakar kallon ruwa sai ga tsiraici. Kafin in kai hannu, yara sun gani.

Iyaye suka taru. Baban Rabi ya nuna ni da yatsa ya ce, "Mushe, karatun ke nan?" Daraktan lakwal ya kulle kayan. Rabi ba ta sake zuwa ba.

Yanzu da alli nake zana ƙwayar cuta, yara suna hamma. Ana tashi sai rumfar bidiyo ta kasuwa, inda ake nuna abin da ya fi wancan muni, kuma ba mai cewa uffan.

Jama'a, ku ba ni shawara, don ni dabarata ta ƙare. Ina gaida Rabi in tana saurare. Ɗiyata, ki ci gaba da tace ruwa. Abin da ya rage mini daga darasin nan ke nan.