Wasan Kwastan a Ajin Turanci

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ina neman afuwa bisa ɗaukar lokacinku.

Ni malamin Turanci ne a wata sakandare a Jibiya. Ajina cike yake har kan tagogi, amma rabin samarin gyangyaɗi suke, sauran kuma hankalinsu na kan iyaka, inda suke dako bayan an tashi. Wata ƙasidar koyarwa da nake bi ta ce a sa ɗalibai su kwaikwayi abin da suka sani. Sai na naɗa Sanusi jami'in kwastan, Habu kuma direba, bisa sharaɗin Turanci zalla.

Nan take aji ya farka. Habu ya ce, "Haba yallaɓai, wace shinkafa? Buhun nan matashin kaina ne." Aka yi ta dariya har shugaban makaranta ya leƙo. Ba wanda ya furta kalmar Turanci ko ɗaya. Da na tunatar da su sharaɗin, suka koma gyangyaɗi. Shugaban ya ce muddin suka sake faɗuwa jarrabawa, zai karɓe ajin.

Ina roƙon masana su amsa mini a rubuce:

1. Shin akwai dabarar da ƙasidar ta tsallake?
2. Idan babu, ku faɗa mini gaskiya, in miƙa allin da hannuna kafin a karɓa.